Yadda za ku bi sawun kuɗin makarantar unguwarku a Kumasi

Da yawa daga takardun koken da kwamitocin makarantu ke rubutawa a Aboabo, Sawaba, Asawase da Zangon Tafo suna mutuwa ne a kan hanya, saboda an kai su ofishin da ba shi ke riƙe da kuɗin ba. Rufi na yoyo, sai a je a tsare hedimasta. Malamai sun yi ƙaranci, sai a taru a gidan asambiliman, wato wakilin unguwa a majalisar gunduma. Kuɗin makarantar gwamnati a Gana ba ta hanya ɗaya yake zuwa ba. Kowane kashi da inda yake fitowa, da wanda ke sa masa hannu, da watan da ake yanke shawara a kansa. Wannan bayani na iyaye ne da 'yan kwamitin kula da makaranta, wato SMC, da limamai da sarakunan Zango da ake ɗora wa alhakin zuwa ofis a madadin jama'a.

Tushen maganar yana cikin kundin tsarin mulki na 1992, wanda sashe na 25 ya ce ilimin matakin farko kyauta ne kuma dole. Matakin nan shekara 11 ne: 2 a KG, wato azuzuwan share fage, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Duk abin da za ku nema, a kan wannan haƙƙin za ku tsaya, ba a kan roƙo ba.

Fara da tantance gundumarku

Ƙasar na da majalisun gundumomi 261, jihar Ashanti na da 43 daga ciki. A da kusan duk Kumasi na ƙarƙashin KMA, wato majalisar birnin Kumasi. A 2012 aka cire Asokore Mampong, wadda ta ɗauki Aboabo, Asawase da Sawaba. A 2018 aka ƙara cire Old Tafo, Oforikrom, Suame, Kwadaso da Asokwa. Saboda haka makarantar da ke Zangon Ayigya da Oforikrom take hulɗa, ta Zangon Tafo kuma da Old Tafo. Har yau akwai dattawan da ke ɗaukar takarda su nufi KMA a Adum don a can suka saba, a karɓa a ajiye, ba wanda zai ce musu sun yi ɓatan kai. Kowace gunduma tana da ofisoshi biyu da suka shafe ku, kuma ba ɗaya ba ne: ofishin daraktan ilimi na GES, wato hukumar ilimi ta Gana, da ofishin majalisar gunduma inda MCE, shugaban gundumar, yake. Na farko shi ke da malamai, littattafai da kuɗin tafiyar da makaranta. Na biyu shi ke da gini da benci.

Albashi

Shi ne ke cinye mafi yawan kasafin ilimi, amma ba ya bi ta gunduma ko kaɗan. Daga ofishin babban akanta na ƙasa a Accra yake shiga asusun malami kai tsaye, bayan hedimasta ya tabbatar a kwamfuta kowane wata cewa malamin yana bakin aiki. Abin da ya rage muku a nan shi ne yawan malaman da aka turo. Malami ɗaya da aka ƙara muku ya fi duk kuɗin da makarantar za ta karɓa a hannu cikin shekara, don haka in aji ɗaya na da yara 70, ku rubuta wa daraktan ilimi da lissafin kowane aji, ku nemi a daidaita daga makarantun da malamai suka yi wa yawa a cikin gundumar. Wannan ya fi sauƙi a kan jiran sabuwar ɗauka, wadda sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izini. In kuma akwai malamin da sunansa ke cikin takarda amma ba a ganinsa a aji, shugaban SMC na da ikon tambayar hedimasta a kan me ya tabbatar da shi.

Kafiteshan, kuɗin da ke shiga hannun makaranta

A nan ya kamata a daɗe, domin shi ne kuɗin da kuke da baki a kansa kai tsaye, kuma shi ne ke haddasa zargi tsakanin iyaye da hedimasta. An gwada shi a gundumomi 40 a 2004, aka bazu da shi ko'ina a shekarar karatu ta 2005/2006, don ya maye gurbin kuɗaɗen da makarantu ke karɓa daga iyaye. Da farko sidi 30,000 ne na tsohon kuɗi a kan kowane yaro a shekara, wato sidi 3 bayan canjin kuɗi na 2007. Ya koma sidi 4.50 a 2009, sidi 9 a 2017, sidi 10 a 2019. A kasafin 2025 an ɗaga jimillar kuɗin daga sidi miliyan 84 zuwa miliyan 145.5. Adadin kowane yaro yana tafiya ne da kasafi, don haka a farkon shekara ku tambayi akantan ofishin ilimi nawa ne na bana, ku rubuta a littafin taro.

Ku yi lissafin da kanku kafin ku zargi kowa. Makaranta mai yara 400, a kan sidi 10, kuɗinta sidi 4,000 ne na shekara ɗungum, kuma ba a dunƙule yake zuwa ba, kashi-kashi ne bisa zangunan karatu uku. Tun 2017 ana ware wani ɓangare a raba wa makarantu daidai wa daida don ƙananan makarantu su samu abin farawa, saura kuma a bi yawan yara. Akwai kuma kason wasanni da al'adu da ke fita daga ciki. Abin da ya rage shi zai sayi alli ko maka, rajista, tsintsiya, sabulu, kwaɗon ƙofa, kuɗin motar hedimasta zuwa ofis, da ɗan gyaran taga. Wanda ya zaci da wannan kuɗi za a sake rufin azuzuwa shida bai yi lissafi ba.

Matakan fitar da shi kuwa a tsare suke. Hedimasta da malamai su zauna su rubuta tsarin inganta makaranta na shekara, wanda ake kira SPIP, a raba shi zango-zango: aikin da za a yi, wanda zai yi, kayan da ake buƙata, farashi, da lokaci. Shugaban SMC ya duba ya sa hannu. Jami'in da ke zagaya makarantun da'irar, wanda yanzu ake kira SISO, ya duba, sannan daraktan ilimi ya amince. In kuɗi ya sauka a asusun makaranta na banki, malamin da aikin ke hannunsa ya cika takardar neman kuɗi, hedimasta da shugaban SMC su sa hannu, ofishin ilimi ya ba da izinin cirewa. Bayan an kashe, a kawo rasit. Inda mai kaya ba shi da rasit, kamar matar da ta sayar da tsintsiya a bakin kasuwar Aboabo, akwai takardar shaida da ake cikewa a madadinsa. Duk wannan ya shiga littafin kuɗi, a kai rahoto ofis.

Inda ake samun tangarɗa sananne ne. Na farko jinkiri: kuɗin zangon farko kan zo bayan an gama zangon, wani lokaci bashin ya haura shekara. Hedimasta ya ci bashin alli a shagon maƙwabci ko ya cire daga aljihunsa, ranar da kuɗi ya zo ya biya kansa, odita ya zo ya tarar da rasit mai kwanan wata kafin a cire kuɗi, magana ta tashi. Maganin wannan shi ne duk bashin da za a ci da sunan makaranta a rubuta shi a littafin taron SMC ranar da aka ci, da sa hannun mutum biyu. Na biyu, shugaban SMC da ke sa hannu a farar takarda saboda kunya ko yarda. Alhaji, kada ka yi haka ko da hedimastan surukinka ne, domin sa hannunka shi ne shaidar cewa jama'a sun gani. In ba ka karanta Turanci, ka zo da ɗanka ko wani matashi daga kwamitin ya karanta maka layi-layi. Na uku, asusun banki da ya daɗe ba motsi, cajin banki ya yi ta gutsurar ɗan abin da ke ciki. Ku nemi takardar bayanin asusu sau ɗaya a kowane zango, ku gwada ta da littafin kuɗi.

Na huɗu shi ya fi cin Zango: ƙidaya. Kuɗin yana bin sunayen da ke cikin rajista da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara da ma'aikatar ilimi ke yi. Yaron da aka kawo a tsakiyar zango na biyu bayan an dawo daga arewa, ko wanda ke zuwa yau ya tsallake gobe saboda talla ko makarantar allo, yana cin alli da benci amma ba lallai a lissafa shi ba. Da wannan ƙidayar ce kuma ake rabon littattafai, benci da malamai. Don haka mako biyun farko na shekarar karatu sun fi kowane lokaci tsada. Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, magajiya ta gaya wa mata a wurin suna da biki, a kai kowane yaro a rubuta shi da sunan da ke takardar haihuwarsa. Abdul Rahman a rajista, Abdurrahman a katin inshorar lafiya, Dramani a bakin malamai: wannan ruɗanin yakan biyo yaro har rajistar jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare.

Gini da benci: asusun gundumomi

Sashe na 252 na kundin tsarin mulki ya ce a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba a ba majalisun gundumomi, a biya duk wata uku. Shi ne asusun da kowa ya sani da Common Fund. Mai kula da asusun ne ke tsara ƙa'idar rabo kowace shekara, majalisar dokoki ta amince. Ƙa'idar tana duba abu huɗu. Akwai kaso mai tsoka da ake raba wa kowace gunduma daidai. Akwai kason buƙata, wanda ke auna ƙarancin makarantu da malamai, asibitoci, ruwan sha da hanyoyi. Akwai na cunkoson jama'a. Akwai kuma na ƙwazo, wanda ke saka wa gundumar da ta yi kyau a binciken aikin da ake mata.

Wannan tsari ya fi yi wa gundumomin karkara daɗi, kuma da hujja, don su ne ke da yara a gindin bishiya. Amma gunduma irin Asokore Mampong, mai jama'a a cushe a ƙaramin fili, in aka raba kasonta a kan kowane mutum sai ya zama kaɗan. A takarda tana da makarantu kusa da kowa. Takardar ba ta nuna cewa yara uku ko huɗu ke matse a bencin mutum biyu. Ku ne za ku kai wannan lissafin, da hoto da adadi.

An daɗe ana kukan cewa ana zaftare kuɗin tun daga Accra don wasu shirye-shiryen ƙasa kafin ya iso. A 2025 gwamnati ta ce kashi 80 cikin 100 zai riƙa tafiya kai tsaye zuwa majalisun, ta kuma gindaya yadda za a kashe: kashi 10 na gina azuzuwa, kashi 10 na kujeru da bencin makaranta, kashi 20 na kammala ayyukan da aka yi watsi da su, saura ga kasuwa, lafiya, ruwa, tsafta da gudanarwa. Ga makarantar da ke da ginin bene da aka tsaya a linta shekara da shekaru, wannan kashi 20 ɗin shi ne ƙofarku, ku ambace shi da sunansa a takardarku.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke kayar da yawancin mutane. Ba a fafe gora ranar tafiya. Majalisa ba ta kashe kuɗi a kan aikin da ba ya cikin tsarin raya gunduma na shekara huɗu da tsarin aikin shekara. Ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne tun daga tsakiyar wannan shekarar, majalisar gunduma ta amince da shi wajen ƙarshenta, ministan kuɗi kuma doka ta ce ya gabatar da na ƙasa kafin 15 ga Nuwamba, sai dai a shekarar zaɓe. Wanda ya kawo koke a Janairu, an riga an rufe littafi. Ku shirya takardarku a Mayu ko Yuni. Shafi ɗaya ya isa: sunan makaranta da lambarta ta ƙidaya, yawan yara aji-aji maza da mata, yawan azuzuwa da benci masu amfani, yawan ƙofofin bayan gida, abin da kuke nema guda ɗaya tak, da hotuna. Abu ɗaya, ba goma ba. Takardar da ta nemi katanga da rijiya da kwamfuta da bene a lokaci guda, ba wanda ya san ta ina zai kama ta.

A rubuta wa MCE, a bi ta hannun daraktan ilimi don ya sa tambarinsa, a ba da kwafi ga jami'in tsare-tsare na majalisa da asambiliman na unguwa. Ku riƙe kwafi ɗaya da aka buga wa tambarin karɓa da kwanan wata. Asambiliman shi zai tayar da maganar a ƙaramin kwamitin jin daɗin jama'a, inda batun ilimi ke fara shiga kafin ya kai babban zama. Akwai kuma kwamitin sa ido kan ilimi na gunduma wanda MCE ke shugabanta. In majalisa ta kira taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi, ku je da mutane, ku tabbatar an rubuta sunan makarantarku a bayanin taron. A ƙarshe ku duba kasafin gundumar, wanda ma'aikatar kuɗi ke sakawa a shafinta na intanet. In sunan aikinku ba ya ciki, alkawarin baki ne aka yi muku.

Takardun fili

Yawancin makarantun Islamiyya na Zango wani malami ne ya fara su a zaurensa ko a filin masallaci, daga baya gwamnati ta karɓe su ta sashen ilimin Musulunci na GES da aka kafa a 1987, ta turo malaman boko. Makarantar da aka karɓa tana da haƙƙin kafiteshan da komai kamar kowace makarantar gwamnati. Wadda ba a karɓa ba, mai zaman kanta ce a idon doka, ko da talakawa zalla take koyarwa. Matsalar ita ce sau da yawa filin yana nan da sunan marigayi, magada ba su raba gado ba. Injiniyan majalisa ba zai so ya dasa bene a filin da gobe wani jika zai kai ƙara kotu ba. Kafin ku nemi gini, ku zauna da iyalan mai makaranta da Sarkin Zango da liman, a rubuta yarjejeniya cewa filin na makaranta ne, a samo taswirar fili daga safiyo mai lasisi. A Kumasi yawancin filaye na sarauta ne, don haka takardar takan bi ta ofishin filaye na Asantehene, Sarkin Ashanti, kafin Hukumar Filaye. Aikin yana cin lokaci da kuɗi, amma makarantar da takardunta suka cika ita ake fara tunawa duk ranar da wani kuɗi ya faɗo ba zato.

Sauran ƙofofi

GETFund, asusun tallafa wa ilimi wanda dokar 2000 ta kafa, yana samun harajin kashi 2.5 cikin 100 da ake ɗorawa a kan saye da sayarwa, majalisar dokoki kuma ke amincewa da rabonsa duk shekara. Dokar 2017 ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, abin da ya rage kuɗin da ke isa gare shi har ayyuka da dama suka tsaya. A 2025 an cire masa iyakar, amma aka ɗora masa nauyin sakandare kyauta da aka fara a Satumban 2017. Manyan makarantu da sakandare sun saba cin kaso mafi girma, don haka firamare ta unguwa kada ta zuba ido a nan kaɗai. Buƙatarku tana isa can ne ta hannun majalisar gunduma da ɗan majalisar dokokinku, wanda shi ma yana da ɗan kaso daga Common Fund. Kason nasa ya fi dacewa da abu matsakaici: benci 100, bandir ɗin kwano, tankin ruwa. Asusun raya Zango, na dokar 2017, ilimi na cikin ayyukansa, a aika masa kwafin takardar nan guda. Kuɗin da majalisa ke tarawa da kanta daga tikitin kasuwa da harajin gidaje shi ya fi saurin fita in iska ta yaye rufi, nan ma a sanar da NADMO, hukumar agajin gaggawa, a ranar da abin ya faru don a samu rahoto a rubuce.

Ciyar da yara kuwa ba ma'aikatar ilimi ke riƙe da shi ba, ma'aikatar mata da yara ce. An fara a 2005. A 2025 kuɗin kwano ɗaya ya tashi daga sidi 1.50 zuwa sidi 2. Mai dafawa da kuɗinta take saye, a biya ta daga baya bisa yawan yara da kwanakin da ta dafa, shi ya sa in biya ya yi jinkiri sai miya ta tsinke ko tukunya ta daina hawa wuta. Hedimasta na cika takardar kwanakin da aka dafa. Ku sa uwa ɗaya daga kwamiti ta riƙe nata lissafin a littafi daban.

In an ƙi ba ku bayani

Ku fara da taron bitar aikin makaranta da ake yi da iyaye, ku nemi a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma manna shi a allon sanarwa. In ofis ya yi ta ce muku ku dawo gobe, dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba kowa damar rubuta wa jami'in bayanai na ofishin, kuma dole a amsa cikin kwana 14. Tambayar ta zama tsayayya: nawa aka tura wa makaranta kaza na kafiteshan a shekarar karatu kaza, a wace rana, wane ɗan kwangila aka ba ginin, a kan nawa, nawa aka biya shi zuwa yau. Wanda ba ya rubutu zai iya faɗa da baki a rubuta masa. In kwana 14 suka wuce shiru, a ɗaukaka zuwa shugaban ofishin, daga nan zuwa hukumar da ke kula da dokar. Ƙorafi a kan aikin majalisar gunduma kuma yana da kwamitinsa na karɓar koke, wanda shugaban zaman majalisa ke jagoranta. Kwafin kowace takarda da kuka aika, da ranar da aka karɓa da sunan muƙamin wanda ya karɓa, a ajiye su a fayil ɗaya a hannun sakataren SMC, a miƙa wa sabon kwamiti ranar da aka canja shugabanci.